Daga Kasuwar Dole zuwa Kazablanka: Ina Ɗan Damagaram Zai Je Ya Karanci Kasuwanci?

Duk shekara, da zarar sakamakon bak ya fito cikin damina, akwai hirar da ake maimaitawa a rumfunan Kasuwar Dole da zaurukan Birni da Zango. Yaro zai zo ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce, "Baba, na samu. Ina so in tafi waje in karanci kasuwanci." Uban, wanda wataƙila shekara talatin ke nan yana yankan yadi ko awon hatsi, sai ya dubi yaron, ya dubi kantin, ya ce, "Kasuwancin da ka yi rarrafe cikinsa shi ne za ka je Maroko ka koyo? Su masu koya maka ɗin, ko allura sun taɓa sayarwa?"

Akwai raha cikin tambayar, amma akwai gaskiya mai nauyi. Wanda ya tafi karatun likita ko na injiniya kowa ya san abin da zai dawo da shi. Wanda ya tafi karantar sarrafa kamfani da dabarun tallata haja, abin da ƴan lakwal ke kira maketin, zai dawo ne ya tarar da garin da kowace yarinya mai tallan ƙuli-ƙuli ta san lokacin da ake ɗaga murya da lokacin da ake ƙara gyara. Sai ya nuna abin da ya fi ta da shi.

Fita neman sanin kasuwa tsohon abu ne a Damagaram. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, Zinder zango ce babba a kan hanyar da ta taso daga Tarabulus ta bi Gat da Agadas ta gangara Kano. Gashin jimina da jemammiyar fata da hauren giwa suna yin arewa, har da bayi, abin da ba a so a tuna amma haka tarihin yake. Yadi da takarda da sukari da bindigogi suna yin kudu. Unguwar Zango kanta daga saukar ayari ta samo suna. Attajirai irin su Malam Yaro, wanda Faransawa suka tarar yana juya dukiya a garin lokacin da suka shigo a 1899, suna da wakilai a garuruwa masu nisa, kuma babu wanda ake damƙa wa raƙuma da kaya sai ya yi shekaru yana bin madugu, ya ji Larabci da Buzanci da Barbarci, ya san wanda ake ba bashi da wanda ake yi wa murmushi kawai. Makarantar kasuwanci ce sosai, sai dai ajinta bayan raƙumi ne.

Abin lura shi ne, yaran wancan zamani ba inda suka ga dama suke zuwa ba. Inda haja ke zuwa, can suke bi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, hanyar Sahara ta mutu, sai Damagaram ta juya fuska kudu, gyaɗa da dabbobi da fatu suka kama hanyar Kano. Da aka ɗauke babban birnin mulki daga Zinder aka kai Yamai a 1926, takarda da ofis suka yi yamma, kasuwa kuwa ta ci gaba da kallon kudu. Har yau wannan rabuwar hanya tana nan, kuma ita ce ke rikita zaɓin ɗalibin kasuwanci: makarantar da ya yi tun daga aji ɗaya tana tura shi ƙasashen Faransanci, kayan da ubansa ke saye da sayarwa suna magana da Hausa da Ingilishi da naira, wani lokaci da Sinanci.

Kafin a yi maganar waje, a san cewa gida ma ba a zaune yake ba. Jami'ar Zinder, wadda aka kafa a 2010 tare da na Maraɗi da Tawa, yanzu tana ɗauke da sunan André Salifou, ɗan garin da ya rubuta tarihin masarautar Damagaram. A Tawa akwai tsangayar shari'a da tattalin arziki da sarrafa kamfanoni, a Yamai ga Jami'ar Abdou Moumouni da tarin makarantu masu zaman kansu. Mai neman lisans kawai, ya iya rubuta lissafin shiga da fita ya kuma san dokar haraji, babu abin da ya tilasta masa tsallaka iyaka. Sai dai cunkoson aji, da shekarar karatu da kan zarce lokacinta, da jinkirin biyan bursi wanda tsohon kuka ne a bakin ƙungiyar ɗalibai ta USN, su ne ke sa iyaye masu hali su fara lissafin fasfo.

Shekaru da dama Faransa ce alƙibla. Amma ƙofar ta yi ta tsukewa. A 2019 gwamnatin ƙasar ta ɗaga kuɗin rajistar ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba zuwa yuro 2,770 a shekarar lisans da yuro 3,770 a ta masta, ko da yake jami'o'i da yawa sun riƙa yafe wani kaso. A canjin da bai motsi, sefa 655.957 kan yuro guda, na farkon ya kai miliyan ɗaya da jika ɗari takwas, na biyun ya doshi miliyan biyu da rabi. Ga sharaɗin biza a lokacin na nuna yuro 615 kowane wata, wato sama da jika ɗari huɗu. Wannan fa jami'ar gwamnati ke nan. Manyan makarantun kasuwanci irin su HEC, waɗanda sunansu ke buɗe ƙofar banki, kuɗinsu ya ninka haka sau da yawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai, a farkon Janairu 2024 kuma ta rufe ofishin jakadancinta baki ɗaya. Ɗaliban da suka riga suka sami gurbi suka wayi gari da takardar shiga makaranta a hannu, babu hanyar zuwa.

Shi ya sa yanzu idon yawanci ke kan Magrib. Maroko, ta hannun hukumarta ta AMCI, da Aljeriya suna ba Nijar gurabe duk shekara, hukumar ANAB ce ke tace takardu bisa makin bak. A Maroko akwai makarantun ENCG na gwamnati, waɗanda aka fara buɗewa a Settat da Agadir a 1994, karatun shekara biyar ne, kuma ana tura ɗalibi kamfanoni ya yi sitaj tun kafin ya gama. Wannan shi ne ainihin amfanin wurin. Yaron da ya taso a garin da manyan masana'antunsa ba su cika yatsun hannu ba, zai ga yadda ake loda kwantena a tashar ruwan Tanja, ya ga yadda babban kanti ke lissafin abin da ya rage a kanta kafin ya ƙare. Addini ɗaya ne, abinci ba ya ba da wahala, amma kuɗin bursi ba ya riƙe mutum wata guda a Kazablanka ko Rabat, sanyin hunturu ba irin na Damagaram ba ne, kuma baƙar fata kan ji maganar da ba ta da daɗi a titi. Iyaye su sa a lissafi cewa duk ƙarshen wata sai an bi ta Nita ko Al Izza ko banki.

Akwai wani abin dariya mai ciwo game da zuwa Maroko koyon talla. Ɗaruruwan shekaru fatar jar akuyar ƙasar Hausa, wadda majeman Kano da Sakkwato da makwabtansu suka jeme suka rina, tana ƙetare Sahara ta faɗa hannun Turawa ta tasoshin Arewacin Afirka. A Turai sunanta fatar Maroko. Mai akuya da majemi suka sha wari, wanda ya tsaya a bakin teku ya tafi da suna. Duk malamin da ke son ya fahimtar da ɗan Damagaram darajar suna da tambari a kan haja, ba ya buƙatar misalin Coca-Cola. Ya kai shi majemar Zinder kawai.

Sai Dakar. Can ne CESAG take, makarantar da aka kafa a 1985 wadda ke ƙarƙashin babban bankin BCEAO, da ISM mai zaman kanta tun 1992. Ga mai burin aikin banki, inshora ko binciken asusun kamfanoni a ƙasashen sefa, da wuya a sami hanyar da ta fi wannan miƙewa: kuɗi ɗaya, dokar kasuwanci ɗaya ta OHADA, tsarin lissafi ɗaya, ga abokan aji da za su zama daraktoci a Abijan da Wagadugu da Lome. Tsadar haya ce matsalarta.

Turkiyya da Sin da Indiya su ma suna ba da gurabe. Biyun farko sukan ci wa ɗalibi shekara guda ta koyon harshe kafin a shiga karatu, kuma da yawa suna ganin shekarar asara ce. A fagen kasuwanci kuwa ita ce ribar tafiyar. Ƴan kasuwar Nijar da ke sauka Guwanzu da Iwu da unguwar Laleli ta Istambul kullum suna neman wanda zai yi musu tafinta, ya duba kaya kafin a loda, ya hana a cuce su, kuma sau da yawa ɗalibi ne ke wannan aikin yana karɓar la'ada. Kilomita hamsin da ɗoriya arewa da Zinder, a kan hanyar Tanut, ga matatar SORAZ da aka buɗe a Nuwamba 2011, mai tace ganga 20,000 a rana, wadda kamfanin CNPC na Sin ke da kashi 60 cikin ɗari. Ɗan gari mai jin Sinanci da lissafi ba zai rasa wanda zai saurare shi ba. Tun tuni ma harshe ne jarin matafiyin Damagaram. Dorugu, yaron da aka haifa a Dambanas ta wajen Kance, wanda ya bi Heinrich Barth har Landan a 1855, da ya dawo ba da dukiya ya dawo ba, da Ingilishi da karatu ya dawo, su ya ci har ya rasu a Kano a 1912.

To ga Kano ɗin.

Daga Zinder zuwa Yamai kilomita kusan 900 ne. Zuwa Kano, ta Matamaye da Daura, bai wuce 240 ba. Wanda ya yi sammako zai yi azahar a Fagge. Waken Damagaram da riɗinta a Dawanau suke kwana, shanunta da raƙumanta Maigatari suke bi, atamfar da ke rataye a Kasuwar Dole da yawanta daga Kantin Kwari ta fito, farashin hatsi a Mirya da Magarya kuma yana tashi yana sauka ne da numfashin naira. Duk da haka, idan yaro ya ce zai yi karatu a Kano, sai a ga kamar bai tafi ko'ina ba. Babu jirgin sama, babu hoton dusar ƙanƙara da za a sa a WhatsApp. Alhali a Jami'ar Bayero akwai sashen koyar da kasuwanci da makarantar manyan digiri mai sunan Dangote, a Zariya ga Ahmadu Bello, kuma ɗalibi zai fito da Ingilishi, ya kuma yi shekara huɗu a tsakiyar kasuwar da ta fi kowace tasiri a kan aljihun ubansa. Faɗuwar naira tun 2023, daga wajen 460 kan dalar Amurka zuwa sama da 1,500 a 2024, ta sa mai riƙe da sefa ya sami sauƙin rayuwa can fiye da da. Ƴan Nijeriya ma sun daɗe da gane cewa iyakar nan ba katanga ba ce: tun 2013 suke tururuwa zuwa jami'ar Maryam Abacha da ke Maraɗi.

Ba a ce hanyar babu ƙaya ba. Mai bak ɗin Faransanci sai ya yi zaman koyon Ingilishi, a kuma daidaita takardarsa da tsarin can. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ci wata takwas cur. Iyakar da aka rufe a Agusta 2023 ba ta buɗe ba sai Maris 2024, kuma Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairu 2025, ko da yake mutane na ci gaba da kai da komo. Sannan Nijeriya ba ta cikin OHADA, don haka wanda ya karanci lissafin kuɗi can, in ya dawo sai ya sake zama ya koyi tsarin gida kafin wani kamfani a Yamai ya ba shi littafinsa. Ga mai son zama akawun banki wannan cikas ne. Ga mai son saye da sayarwa da tallata haja, ƙaramin abu ne in an gwada da abin da zai samu.

Mutane na son kawo misalin Aliko Dangote, cewa ai shi ma a Azhar ta Alƙahira ya karanci kasuwanci. Haka ne. Amma a tuna daga wane gida ya fita, wane gida kuma ya koma: Alhassan Ɗantata, wanda ya yi fataucin goro har Gwanja ya kuma rasu a 1955 yana attajirin da babu kamarsa a yankin, kakan mahaifiyarsa ne. Digirin ya tarar da jari da amana da hanya a shimfiɗe. Ɗan malamin makaranta ko ɗan manomi da ya ci bursi ba shi da wannan gado, don haka dole tun yana can ya fara tara abin da zai maye gurbinsa: abokan hulɗa, lambobin masu masana'anta, ɗan kuɗin da ya tara daga aikin hutu.

Wani ramin da ake faɗawa shi ne na takardar banza. Karatun kasuwanci ba ya buƙatar ɗakin gwaji ko asibiti, bene ɗaya da allo da kujeru sun isa a kafa "jami'a", shi ya sa ya fi kowane fanni yawan ƴan damfara. A Disamba 2023 ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya fallasa yadda ya sayi digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna aji ba, abin da ya sa Nijeriya ta dakatar da karɓar takardun Benin da Togo a Janairu 2024. Masu karatun gaskiya a can su ma abin ya shafe su. Akwai hukumar da aikinta ke nan, CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, mazauninta a Wagadugu, tana fitar da jerin digirorin da ta amince da su. Ba makarantar kawai ake dubawa ba, kowane digiri da kansa ake nema cikin jerin. Uban da ba zai sayi sa ba sai ya buɗe bakinsa ya ga haƙora, bai kamata ya zuba miliyoyi a kan ƙyallin takardar talla ba. Yaƙi ma yana cikin lissafi: waɗanda ke Yukren a Fabrairu 2022 da waɗanda ke Khartum a Afrilu 2023 da jaka ɗaya suka fito, wasu ko takardun makinsu ba su samu ba.

A ce an tafi lafiya an dawo lafiya. Me ke cikin jakar? Littattafan Philip Kotler da ire-irensu suna koyar da rukunai huɗu: haja, farashi, wurin sayarwa, talla. An gina su ne a kan kasuwar da farashi ke manne a jikin kaya, mai saye ya iya karatu, kuma akwai alƙaluman da za a dogara da su. A Kasuwar Dole ranar Alhamis, farashi a baki yake. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ja, a yi kamar za a tafi, a kira, a sallama, a nemi gyara. Bashi ba takarda, sai sanin asali da tsoron kunya. Allon talla da Faransanci a bakin titi bai kai sanarwar minti ɗaya da Hausa a rediyon Anfani ba, ita ma wani lokaci saƙon murya a zauren WhatsApp na matan unguwa ya fi ta saurin kawo ciniki. Jihar Zinder, wadda ƙidayar 2012 ta nuna ta fi kowace yawan jama'a a Nijar, sama da mutum miliyan uku da rabi, da Hausa take saye. Tun Maris 2025 ma Hausa ce harshen ƙasa a dokance. Wanda ya dawo ya kasa tsara tallar sabulu da harshen uwarsa, ya yi asarar kuɗin jirgi.

Amma uban nan na rumfa shi ma akwai inda iliminsa ya tsaya, kuma ya sani. Ba ya raba kuɗin kanti da na cefane, sai ya ga ciniki na tafiya amma uwar kuɗi na raguwa. Ba shi da takardar da banki zai duba ya ba shi rance. Ranar da ya kwanta dama, dukiyar kan watse a rabon gado, domin duk sirrin kasuwar cikin kansa yake. A dubi mai kilishi: ya yanyana nama sirara kamar mayafi, ya shanya a rana, ya tsoma cikin tunkuza da yaji, ya gasa, abin da babu irinsa a duniya, sannan ya naɗe shi cikin takardar buhun siminti. A haka ba zai wuce kwastan ɗin kowace ƙasa mai dokar abinci ba. An yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajistar asali a hukumar OAPI, amma rajista ba ta sa kaya a leda, ba ta buga ranar lalacewa, ba ta nemo mai saye a Dubai. A cikin Zinder ɗin nan kamfanin Sahara Sahel Foods ya ɗauki anza da aduwa da magarya, abincin da ake ganin na shekarar yunwa ne, ya sarrafa ya zuba a kwalba da kwali da suna a jiki. Irin wannan giɓin ne ke jiran mai digirin talla, kuma uban ba zai iya cike shi ba.

Mafi yawan masu dawowa ba nan suke dosa ba. Hedikwatar bankuna da kamfanonin waya, Airtel da Moov da Zamani, duk a Yamai suke, can ake raba ƴan kujerun da ke akwai, sauran kuma a yi ta sitaj ba albashi ana jiran ƙungiyar agaji ta buga sanarwa. Ƴan mata, waɗanda iyaye suka fi jinkirin bari su yi nisa, su ne ma ake gani sun fi saurin kama ƙaramar sana'a ta turaren wuta da ɗinki da kayan ƙamshi ta waya, ba su tsaya jiran ofis ba.

Don haka lisans a yi shi a gida ko a Kano, inda kuɗin bai karya uba ba kuma ƙafar yaro ba ta bar kasuwa ba. Masta a Dakar ga mai son banki, Maroko ga mai son manyan kamfanoni da harkar sufurin kaya, Sin ko Turkiyya ga wanda gidansu ke shigo da haja daga can. Iyayen da ɗansu ya zo musu da takardar wata makaranta a wannan damina, kafin a sayar da gona ko sa, a sa shi ya nemo sunan digirin cikin jerin CAMES, ya kuma faɗi da bakinsa wace hajar Damagaram zai sayar in ya dawo, kuma wa zai saya.